Akwatin da ya kunyata ni a zaure

Har yau in na tuna ɗan akwatin nan sai raina ya ɓaci. Daga Sakkwato na sayo shi don baffana, limamin unguwarmu a Wurno, ya riƙa kallon tafsiri ta intanet a talabijin. Bayan la'asar na jona shi a zaure, dattawa sun cika tabarmi. Shegen abu ya yi ta juyi yana shanye mini data. Da ƙyar malamin ya fito, bai gama bisimilla ba talla ta katse shi: mata suna tiƙar rawa, ko ɗankwali babu. Na danna rimot, ya ƙi.

Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mi kak kawo muna?"

Na fizge shi daga soket. Baffa ya koma wa rediyonsa, ni kuwa wata guda ta ƙofar baya nake shiga gidanmu.