Tabon da Gwadabe Ya Bi a Sama

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, duk wanda ya sayi babur ko rediyo a Wudil sai ya tsaya da abinsa gaban Gwadabe mai hoto. Shagonsa yana Sabon Gari, ranar Juma'a kuwa, da kasuwar garin ke ci, ko ruwa ba ya samun sha, don har dillalan shanu sun koyi dafa kujera suna ɗaure fuska. Kasuwa ta buɗe masa, amma hankalin mutumin ba ya ƙasa.

Wani Ba'indiye mai koyar da kimiyya ne ya jawo masa. Ya zo ɗaukar hoton fasfo, hira ta yi daɗi, ya gayyace shi ya leƙa madubinsa na hangen nesa. A ciki Gwadabe ya ga wani ɗan tabo fari-fari, kamar an shafa gari da yatsa a baƙin zane. Malamin ya ce taurari ne da ba su ƙirguwa, tsabar nisa ce ta haɗe su, kuma mai lafiyar ido yana tsinkayarsu ba madubi in ya duba ta gefen ido. Daga ranar Gwadabe ya ƙudurta sai ya kama abin nan a takarda. Ya ɗauki ango, ya ɗauki alhaji, ya ɗauki bijimin sa, me zai gagare shi?

Ashe sama ba ta tsayawa a ɗauke ta. In ya bar kyamara a buɗe, sai taurari su ja layi. Malamin ya zana masa dabara, kafinta ya haɗa katako biyu da dogon sukuru, Gwadabe yana murzawa a hankali kyamara tana bin sama. Duk kaka, in ruwa ya ɗauke wata ya ɓuya, sai ya ɗaure kayan a babur ya nufi gonar wansa a Kausani. In hannu ya ɗan girgiza, sai aiki ya tashi a banza. Mutanen Kausani suka ce lallai mai hoto ya rasa abin ɗauka.

Malamin ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu. Ba a jima ba Gwadabe ya fara karo da mutane a kasuwa. Likitan ido a Kano ya ce jijiyar ce ke mutuwa, daga gefe ciwon yake ci, kuma abin da ya tafi ya tafi. Gefen ido, daidai ƙofar da yake ganin tabonsa! Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya fi masa zafi a kan cinikin da ya fara zamewa. Bai daina ba. Yana saita kyamara da manyan taurarin da ke kusa da wurin, ya dawo ya wanke hoton, sai dai idon ba ya iya rarrabe abin da ya fito.

Dole ya nemi aron ido. Da safe yakan miƙa wa matarsa Barakatu hoton a tsakar gida.

"Duba mini tsakiya, kin ga wani ɗan fari kamar hayaƙi?"

"Na gani, Malam. Ga shi nan."

Ya'u tela, maƙwabcin shagonsa, shi ma ya ce wallahi ya fito. Gwadabe ya yi kwanaki yana fara'a, har ya yanka zakara. Amma fa hoto na gaba ma an ce ya fito, da na bayansa, har da wanda ya san ya yi atishawa yana ɗaukarsa. Nan zuciyarsa ta fara raya masa wani abu. Wa zai dubi mutumin da ke rasa ido ya ce masa wahalarsa ba ta haifi komai ba?

Rannan ya shiga ɗakin wankin hoto, ya haska takarda ba fim a kanta, ta fito baƙa ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. Ya kai wa Barakatu tana tankaɗe. Ta karkaɗe hannu, ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

"Kai, Malam, wannan ai ya fi duka fitowa. Allah ya cika maka burinka."

Muryarta ce ta ɗan yi rawa. Gwadabe ya karɓi takardarsa. Ƙila a cikin tarin hotunan da ke akwatinsa akwai wanda ya kama tabon, ƙila babu, kuma duk Wudil ba mai faɗa masa. Masu ƙaunarsa kara za su yi masa, wanda ba ya jin nauyinsa kuwa bai san abin da zai duba ba. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Bai sake zuwa Kausani ba. Barakatu ta sa aka yi wa baƙar takardar gilashi, ta rataye ta a ɗaki, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa aikin maigidanta. Su yaba, Gwadabe yana zaune a bakin gado yana amsa godiya. Har idon ya ƙarasa rufewa bai taɓa gaya mata cewa ya san babu komai a takardar ba.