Dakta Sambo Mai Ciwon Aro

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Dakta Sambo hannu ya san hannun nan ba ya dawowa da wuri. Kana cewa ina kwana, yatsunsa biyu sun riga sun sauka a wuyan hannunka, yana kallon sama yana sauraron bugun jininka. In ya gama sai ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa. Ya yi wa limamin unguwarsu haka a ƙofar masallaci. Ni kuwa ranar ɗaurin aurena a Shagari ya yi mini, gaban surukaina, ya kuma sanar da su cewa ango lafiyarsa ƙalau, tsoro ne kawai.

Ku da kuka bi ta hannunsa kun san yadda abin yake, amma bari in faɗa saboda na baya. Ɗalibin likitanci yana shekaru yana fama da littafi kafin a bar shi ya tsaya gaban majinyaci. To kafin a rarraba mu ɗakunan jinya, sai a zuba mu a mota daga Sakkwato a kai mu Boɗinga, mu yi mako guda wurin Dakta Sambo. Ya daɗe da yin ritaya, amma ya ƙi sakin wannan aiki, makaranta kuma ta gaji da lallashi ta bar masa. Zauren gidansa ne aji.

Ranar farko muka sauko kowa da farar riga sabuwa, kowa ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya yana taƙama. Ya fito da kwandon albasa, ya ce kowa ya zuba nasa ciki.

"Malam, da me za mu duba marar lafiya?" in ji wani.

"Da kunnuwan da Allah ya ba ka kyauta. In kunka iya gaisuwa, in maido muku sarƙarku."

Daga nan ya shiga cikin gida. Da ya fito ba shi ba ne. Ya sa malfa, ya saɓa sanda, yana ɗingishi, ya zube bisa tabarma, wai shi makiyayi ne daga Kajiji. Ni aka fara turawa. Na durƙusa na tambayi kai, ya ce lahiya lau. Na tambayi ciki, lahiya lau. Barci fa? Lahiya lau. Na juya ga 'yan ajinmu na ce a ganina mutumin nan ba abin da ke damunsa.

Makiyayi ya tashi zaune ya cire malfa.

"Bello, lahiya lau ta ɗauko mutum daga Kajiji bisa kabu-kabu, ya bar shanunai da yara? Ba ka tambayi gida ba, ba ka tambayi bisashe ba, ba ka ce mai sannu da hanya ba. Don mi za shi ba ka ciwonai? Ya san ka?"

Haka muka wuni. Ya zama manomin albasa daga Dingyaɗi wanda ya sha maganin gargajiya yana ɓoyewa. Ya ari mayafin Hajiya Inno, matarsa, ya zama tsohuwa mai nauyin kunne, duk abin da ka tambaya ta ba ka labarin jikokinta. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Turanci, tsohuwa sai ta fashe da kuka ta ce likita ya zage ta.

Wajen tattali kuma ba a magana. Makaranta ta taɓa cewa za ta aiko masa fatar roba ta koyon ɗinkin rauni, ya ce su riƙe kayansu. Sai ya je wurin mahauta ya sayo ganda, a jiƙa ta yi laushi, ya tsattsaga da reza, kowa ya ɗinke nasa. Da la'asar ya tattara ya miƙa cikin gida. Washegari Hajiya Inno ta aiko mana farfesu, muka zauna muna sha ana santi. Ina cikin tauna na ji abu ya maƙale mini a haƙori, na jawo, zare ne. Dakta Sambo ya karɓa ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Wanga ɗunki naka na, Bello. Na gane ƙullin. Ko cikin miya bai riƙe ba."

Har yau in na ɗauki allura a ɗakin tiyata sai na ji ƙanshin farfesun nan.

Wadda ta fi yawo a bakin mutane ita ce ta kasuwar Shagari. Ya kwashe wani aji ya ce za a je ganin yadda jama'a ke rayuwa. Suna tsakiyar 'yan hatsi sai ya dafe ƙirji ya faɗi warwas. Ɗalibai suka daskare. Ɗaya ya ruga neman mota, ɗaya ya tsaya yana salati, wata ta fara kuka. Wani mai awo ya ɗauko bokitin ruwa ya sheƙa masa. Dakta ya miƙe yana tsiyaya, ya dubi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya ya ce duk sun faɗi, ya dubi mai awo ya ce shi ma ya faɗi amma ya fi su himma. Tun daga ranar, in ya yi tari a Shagari sai a ce Dakta ya fara.

To nan ne abin ya zo ya cuce mu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana aron ciwo, wa zai yarda in nasa ya zo?

Lokacin na riga na zama malami, ni ke rako ɗalibai Boɗinga. Na ga ya rame, amma dama shi ba mai jiki ba ne, ga yawan azumi. Yana cewa ya gaji, Hajiya Inno tana cewa ya bari sai ɗalibai sun zo ya yi musu wasan nasa. Abokansa na majalisa in ya dafe ciki sai su tambaye shi yau kuma wane ne, na Kajiji ko na Dingyaɗi. Shi ma sai ya taya su dariya.

Ranar koyon duba ciki ya kwanta bisa tabarma kamar kullum, ya ɗage riga. Ɗalibai suna zuwa suna latsawa suna wucewa, kowa na jiran ya ji wace ƙarya aka shirya. Sai aka zo kan wata yarinya, Hauwa'u, marar yawan magana. Ta gaishe shi yadda ya koya musu, ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi, ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Ta daɗe. Ta ce ya ja numfashi, ya ja. Ta sake.

"Malam, hantarka ta sauko. Kuma tana da tauri, ba ta da santsi."

Aji ya kwashe da dariya. Wani ya ce Malam ya iya har da hanta. Ita ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya kama hannunta ya mayar da shi wurin, ya ce ta nuna masa iyakar abin. Ta nuna.

"Ta ci," in ji shi. "Sauran ku yi layi. Ba kullum ake samun irin wagga ba, kowa ya taɓa ya riƙe ta a hannunai."

Ni ne na ƙarshe. Hanta ba a aronta. Ina ɗora hannu na san abin da na taɓa, ya kuma san na sani. Na ce, "Malam, tun yaushe?"

"Tun damina. Shekara nawa ina ƙarya kuna saye, yau na zo da gaskiya babu mai taya ta."

Na ce mu tafi Sakkwato a motar da ta kawo mu. Ya ce ba inda za shi sai mako ya cika, ai ɗalibai ba su yi ɗinki ba tukuna, ganda kuma an riga an saya. Na roƙa, Hajiya Inno ta roƙa tana hawaye, ya ce mu bar ɓata masa aji. Sai da ya sallame su, ya raba musu abin sauraron ƙirjinsu daga kwando, sannan ya yarda ya shiga mota tare da su.

Aka kwantar da shi a ɗakin da aka tura rabin ajin nan fara aiki. Gwaji ya nuna ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. Mu da ya koya wa duba mutum mun cika asibitin, manya da ƙanana, amma ba abin da ya rage mana sai rage masa zafi. Shi kuwa gado ya zame masa sabon zaure. Babban likita ya zo zagaye da ayarinsa ya fara bayani a kansa da Turanci, sai ya ɗaga yatsa.

"Koma ƙofa ka yi sallama. Ni na koya maka, kada ka kunyata ni gaban yara."

Babban likita ya koma ya yi sallama.

Bai kai azumi ba. An yi jana'izarsa a Boɗinga, likitoci sahu-sahu, ga manoma ga mahauta. Yanzu wannan mako na koyo a cikin makaranta ake yinsa, da mutum-mutumin roba mai numfashi da lantarki. Yana da amfani, ban ce ba shi da shi ba. Amma ko ka gaishe shi ko kar ka gaishe shi duk ɗaya ne a wurinsa, ɗaliban kuma sun gane haka.

Allah Ka jiƙan Dakta Sambo, Ka sa ciwon da ya ɗauka shi kaɗai ya zame masa kaffara. Ka ba Hajiya Inno haƙuri. Duk majinyacin da ɗalibinsa ya tsaya ya saurara, Ka kai ladan kabarinsa. Amin.