Tsarabar Makka da Ta Kusa Raba Ni da 'Yata

A lokacin ina yarinyar mace, mai haihuwar fari, muna zaune a sashenmu na gidan surukaina a Nassarawa GRA. Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne a Kano, kowa ya zama mai bin diddigi. Ko alewa za ka saya sai ka tambaya ko da kitsen alade a ciki, ni ma ina cikin masu wannan ƙwaƙwa.

'Yata kuwa tun yaye aka gano jikinta ba ya karɓar madara. Cokali guda na kindirmo ya isa ya fito mata da borin jini. Da ta yi fama da gudawa bayan an daɗe ana yi mata allurai, likita ya ce a nemo mata garin nan mai ƙwayoyin halitta masu gyara hanji, amma ya ja mini kunne cewa yawancinsa da madara ake haɗawa. Na zaga kemis-kemis har Sabon Gari. Duk wanda na tambaya sai ya rantse mini halal ne, in na ce madara nake tambaya, ya dube ni kamar na zo da sabon addini. Haka nake dawowa hannu rabbana, yarinya tana ta ramewa.

Ana nan Hajiya, mahaifiyar mijina, ta dawo daga Umra da kwalin irin garin, jikinsa duk rubutun Larabci. Don jikarta ta sha wahalar nemo shi, kuma a gaban baƙi ta miƙo. Zuciyata ta raya mini in karɓa in duba. Na ɗan yi maganar madara ƙasa-ƙasa, sai ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, abin da ya fito daga Makka ne zai cuci jikata?" Baƙi suka shiga tsokanata wai 'yar boko ba ta kunyar 'yar fari. Wannan magana ta ɗaure ni. A gidanmu ko sunan ɗan fari uwa ba ta kira, balle ta yi jayayya da suruka a kansa. Na sunkuyar da kai, aka dama a koko aka ba yarinyar.

Ba a kwashe kwanuka ba leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma shaƙa. Na sure ta ba mayafi, na faɗa mota sai asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Da ya juya kwalin, ga madara nan a bayansa a rubuce da Turanci cikin ƙananan baƙaƙe, abin da ni ma zan iya karantawa da na miƙa hannu. Hajiya ta yi kuka har na tausaya mata. Daga baya likitan ne ya sa aka yi mana odar wanda babu madara.

Har yau ban ga laifin Hajiya ba, ƙauna ce ta sa ta. Haushin kaina nake ji. Abu yana iya zama halal tsarkakakke, ya kuma zama guba ga ɗanki. 'Yan'uwana mata, ko daga ina magani ya fito, ko wa ya kawo, ku karanta, in ba ku gane ba ku kai wa likita. Gara a yi shekara ana kiranki mara kunya da a zo yi miki gaisuwa ana yabon kawaicinki.