Ƙafar da Ta Tafi Yamai

Motar ba tamu ba ce tun asali. Ta wani Nasara ce mai sayen fatu da ƙiraga, wanda ya shigo da ita Damagaram ta hanyar Kano, kuma ko a lokacin ta riga ta sha duniya. Ja ce, doguwa, cikinta kusa da ƙasa, kujera biyu kawai, ba rufi. An ce a ƙasarsu tsere ake yi da irinta a kan hanya mai santsi. Wanda ya ba shi shawarar ya kawo ta cikin rairayinmu, ban san abin da ya tare masa ba.

Yayana shi ne shofer ɗin Nasaran, wato mai tuƙa masa mota. Ni kuwa maƙeri ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kamar ubanmu, garma da lauje na sani, har ranar da Yaya ya shigo maƙera da wani lanƙwasasshen ƙarfe a kafaɗa ya jefar gabana.

"Auta, wannan shi ake kira rasor. A kansa mota take zaune. Ya karye. Ka iya?"

"Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne."

"To matsa mini."

Ban iya ba. Na ƙera sabo, na tsoma shi a ruwa yadda ake yi wa gatari, aka ɗaura, motar ta taka rami ɗaya ya tsinke kamar busasshen kara. Na sake, ya sake. Yaya ya yi ta dariya har na kore shi daga maƙerar. Sai daga baya na gane ƙarfen nan ba ya son ruwa, man gyaɗa yake so, a sanyaya shi a ciki, sannan a mai da shi bakin wuta a lallashe shi har ya yi shuɗi. Rasor ba ƙarfe ɗaya ba ne, falle-falle ne a jere, dogo a sama, gajeru a ƙasa, kowane yana gogar ɗan'uwansa in mota ta girgiza. Tun daga ranar na zama mai ƙarƙashin mota, Yaya mai samanta.

Da Nasaran ya tashi komawa ƙasarsu, ya dubi motar ya ga ba ta cancanci a ja ta zuwa teku ba, ya bar wa Yaya. Muka tura ta wani kango a bakin ganuwa, muka yi mata rumfar zana. Yaya mutum ne mai jiki, ni kuwa ko iska mai ƙarfi tana iya tafiya da ni, don haka in mun zauna mu biyu motar sai ta kwanta gefensa. Abin ya tsaya mini a rai. Na ƙara falle ɗaya a rasor ɗin gefensa, gaba da baya, muka shiga, ta tsaya daidai. Ya ce ai da na ƙara cin tuwo da ban sha wannan wahala ba.

Sau ɗaya tak muka fita da ita a matsayin tamu. Gaffati muka nufa, garin mahaifiyarmu, don Yaya ya rantse sai ya shiga garin nan yana busa ƙaho, 'yan'uwan da suka ce ya lalace da bin Nasara su fito su gani. Ba mu kai ba. Wani dutse da ya ɓuya cikin rairayi ya daki ƙafar baya ta dama, bakinta ya murɗe. Da shanu aka jawo mu gida, ƙaho shiru. Na yi iyakar yina, har na ƙera waya ɗaya da hannuna na maye wadda ta tsinke cikin wayoyin da aka saƙa ƙafar da su, amma murɗewar ta fi ƙarfin maƙerata.

Muna cikin haka Faransawa suka ɗauke kujerar gwamna daga Damagaram suka kai Yamai. Duk mai iya tuƙi aka neme shi, aka ba Yaya kamiyo, babbar motar kaya, cike da akwatunan gwamnati. Ya ɗora ƙafar a saman kaya, don an ce garajin Yamai akwai na'urar da ke miƙar da irinta.

"Kada ka bar ta zaune a kan rasor, zai gaji," ya ce mini. "Ɗaga ta. Duk ranar da ka ga ƙafar nan ta dawo, ina bayanta. Sai Gaffati."

Iyayenmu sun riga sun rasu, matata ma ta rasu ba ta bar mini ɗa ba. Yaya kaɗai nake da shi, kuma na tsaya a bakin ganuwa har ƙurar kamiyon ta kwanta.

Na ɗora motar a kan kututturen giginya huɗu. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai in tuɓe riga in shiga ƙarƙashinta. Bayan damina nakan kwance rasor gaba ɗaya, in raba fallayen, in goge tsatsa da toka da yashi mai laushi, in shafa musu mai, in mayar. Akwai kuma wasu faifayen katako da ke matse da ƙarfe kusa da kowace ƙafa, su ne ke hana mota yin ta tsalle bayan ta wuce rami. Da gara ta ci na asali, na sassaƙa wasu da icen aduwa. Maƙwabcina, wani tsohon baduku mai baki kamar aska, shi ya ɗinka wa rasor ɗin rigunan fata don kada rairayi ya shiga tsakani. Shekarar farko da kitsen rago na cika rigunan, don a wurinmu duk abin da ake so ya yi laushi kitse ake ba shi. Ɓerayen Birni kaf suka yi Sallah a kangon nan. Da safe na tarar ba fata ba kitse, har igiyar ɗinkin sun cinye.

"Ka soya musu nama, ka kuma naɗe musu a fata," in ji tsohon. "Saura ka kawo musu ruwan wanke hannu."

Ya sake ɗinka wasu, yana ɗinki yana zagina. Daga nan baƙin mai na koma roƙa wurin masu kamiyo, ina cuɗa shi da garin gawayi.

Tsohon nan ne ya sa mini suna mijin mota, sunan kuwa ya bi gari. Maƙera 'yan'uwana suka rage zama da ni, wai na bar sana'ar gado ina bauta wa ƙarfen Nasara mai ƙafa uku. Gaskiyar ita ce kaɗaici ya yi mini yawa a gidan nan, kuma a ƙarƙashin mota ne kawai nake jin kamar ana jirana da wani aiki. Ina kwance a can nakan yi wa Yaya magana, in gaya masa farcen wane ya fita, wace ce ta haihu, in kuma yi masa faɗa.

Da farko saƙonsa yana zuwa ta bakin shofer-shofer: yana gaishe ka, ya ce bayan damina. Sai aka ce an mai da shi wata hanya can yamma. Sai gaisuwar ta koma ta shekara-shekara, sai ta zama in na tambaya a ce an dai gan shi.

Mutane kuwa sun ji ina jiran ƙafa, kuma a wurinsu ƙafa ƙafa ce. Duk wanda ya tsinci ƙarfe mai zagaye sai ya nufo kangona. Wani bawan Allah ya taso tun daga Dakusa da ƙafar amalanke a kan jaki, yana murmushi, ya ce ya kawo mini abin da nake nema. Na kusa jifarsa da guduma, sannan na ba shi fura. Ban taɓa gaya wa kowa ba cewa duk sanda na hango abu mai zagaye yana shigowa lungunmu, sai in leƙa bayan mai ɗauke da shi.

Ƙafafun motar nan ba a ɓoye suke ba ga wanda ya zauna da su. Na waya ne, siri-siri, a saƙe daga cibiya zuwa baki. A cikin cibiyar akwai ƙananan haƙora da ke shiga na gindin mota, kuma ƙafar da haƙoranta ba su dace ba, ko ta yi kama, ba za ta zauna ba. Hula ɗaya mai kunnuwa biyu ke riƙe kowace, da gudumar jan ƙarfe ake buga ta, hulunan dama kuma saɓanin na hagu suke ɗauruwa. Amma ni da kunne na fi sanin su. In ka bi wayoyin da ɗan ƙarfe kana ƙwanƙwasawa, kowace ƙafa da muryarta, kuma waya mai sako-sako tana faɗin kanta. Ukun da ke wurina, ko an rufe mini ido zan gaya maka wacce ce wacce.

Furfura ta riga ta fito mini sa'ad da wani shofer da ban sani ba ya yi sallama a kangon, da hantsi, yana gungura abu naɗe cikin tabarma. Hausarsa ta mutanen yamma ce.

"Baba, kai ne maƙerin mota?"

Ya kwance tabarmar. Ƙafar waya ce, an yi mata sabon fenti, ga taya sabuwa. Na ce a raina wata ce kuma. Na tsayar da ita na juya, bakinta ya zagaya sumul, ba murɗewa ko kaɗan. Na sa yatsa cikin cibiya na ji haƙoran. Sannan na ɗauko ɗan ƙarfena na bi wayoyin, suna amsawa ƙal, ƙal, ƙal, har na zo kan wata ta ce ƙwas. Waccan ce da na ƙera da hannuna, ƙarfen Birni a cikin na Faransa. An miƙar da komai amma ita ba a taɓa ta ba.

"Ita ce!" na ce, na ture shi na leƙa lungu. "Yana ina? Ya tsaya wurin kamiyo?"

Ya sauke wani ƙunshi daga kafaɗarsa ya ajiye gabana a hankali: riga, buta, tasbaha.

"Sai haƙuri, Baba. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Ƙafar nan a ɗakinsa take tun da na san shi, kowace Juma'a sai ya goge ta. Ya nemi a sallame shi har ya gaji, kullum a ce bayan wannan tafiya. Da bakinsa ya ce a kawo wa Auta."

Rabona da a kira ni Auta tun ranar da kamiyon nan ya tashi. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban baƙo, ban ji kunya ba.

Bayan sadakar bakwai na sa ƙafar a gurbinta. Haƙoran suka shige kamar jiya aka cire ta. Na buga hular, na zare kututturen ɗaya bayan ɗaya, motar ta sauka a kan ƙafafunta huɗu. Na danna kowace kusurwa da ƙarfina na saki, ta nutsa ta taso ta tsaya, ko ƙyas rasor bai yi ba.

Tsohon baduku, wanda a lokacin da sanda yake tafiya, ya tsaya a bakin rumfar. Wannan karon bai zage ni ba.

"To, ɗan nan, tayar mana mu ji."

"Ban iya ba, Baba."

Duk shekarun nan ban taɓa riƙe abin tuƙinta ba, ban ma taɓa tunanin in koya ba, don kujerar nan da mai ita. Na zagaya gefena na buɗe ƙofa na zauna inda na saba. Motar ta karkata wajena, saboda fallen nan da na ƙara don nauyin Yaya, ta tsaya a haka.