Ladidi ba ta taɓa aiko wa Inna baƙi ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina tsaye ina dama koko waya ta shigo. Wai Ladidi ta rasu. Na ce wace Ladidin? Aka ce taki, mai firiza. Ludayin na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Jiya fa muka rabu. Jiya-jiyan nan.

Mijinta ya ce ta yi asuba lafiya lau, sai ta ce kanta yana sara mata. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. An kai ta makwancinta kafin azahar, ni kuwa har yanzu gani nake kamar za ta ɗaga labule ta ce, "Ke Bintalo, har yanzu ba ki yi shara ba?"

Ga waɗanda ba su san ta ba, Ladidi ƙawata ce tun muna sakandare a nan Daura. A gidanta take sayar da lemo mai sanyi, can bayan masallacin unguwarmu.

Amma kada ka kuskura ka ce mata "ba ni lemo" ka yi shiru. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Wanne? Ai baƙi ba lemo ba ne, bakin mutane ne ya yi masa sunan. Ina lemo a cikinsa? Wannan jikan goro ne, sunansa ma wurin goro ya gada." A wurinta fari mai ɗanɗanon lemon tsami da mai launin lemon zaƙi su ne 'yan gida. Baƙi kuwa akwai abin nan mai hana barci a cikinsa, irin na goro, ga ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe.

Ni 'yar baƙi ce, kowa ya sani. Mun sha musu a kan haka. In ce mata fari ai na marasa lafiya ne, ta ce, "To ki yi ta sha, idonki ƙyam kamar na mujiya." In na ce wai fari ya fi lafiya ne, sai ta ce a'a, wajen sukari kam duk kanwar ja ce, kada in yi mata ƙarya a kasuwa.

Direbobin Kano in sun tsaya, baƙi take miƙa musu. Mai ciki ko ta roƙa ba ta ba ta sai fari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Inna, mahaifiyata. Tun da likita ya hana ta goro saboda bugun zuciya, Inna ta ɗauki fushi da kowa. Idonta ma ya yi rauni, ba ta fita. Ladidi ce ta samo kanta. Kullum bayan la'asar sai ta shigo da ƙaramar kwalbar fari mai sanyi, ko ta aiko, ta ce, "Inna, ga goron ruwa." Inna ta ce, "Ja'ira, wannan ai ba ya sa baki ja." Su yi ta dariya.

Jiya da za ta fita ta ce mini, "Bintalo, ko ba na nan kada ki bari a ba Inna baƙi, kin san zuciyar nan." Na ce ina za ki da ba kya nan? Ta ce Sandamu, biki, ranar Asabar.

To yau tun safe damuwata ɗaya, yadda Inna za ta ji. Likita ya ce a guje mata firgici. Muka yi shawara da yayana a bari sai gobe, in ya iso daga Dutsi ya faɗa mata a hankali. Duk wadda ta shigo sai in tare ta a zaure in ce don Allah a share hawaye. Na ce wa Inna barka na je.

La'asar na yi Inna ta fara juya kai wajen ƙofa.

Na zari mayafi na tafi shagon bakin titi. Wallahi ban san abin da nake yi ba. Na ce "lemo ɗaya" kawai, aka sa mini a leda, na taho. Na buɗe na miƙa mata ban ko duba ba, na ce, "Inna, ga saƙon Ladidi."

Ta kurɓa sau ɗaya. Ta tsaya. Ta ajiye kwalbar a ƙasa a hankali.

Sai a lokacin na ga baƙi ne.

Ta ce, "Binta, Ladidi ba ta taɓa aiko mini da wannan ba. Tana ina?"

Na durƙusa a gabanta. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Sai ta yi salati ta ce, "An kai ta?" Na ce an kai ta, Inna. Ni da nake tsoron kada ta faɗi, ita ce ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, na yi kukan da nake haɗiyewa tun safe.

Kwalbar na nan inda ta ajiye ta. Ni da ba na ƙyale baƙi, na kasa taɓa ta.

Allah ya jiƙan Ladidi, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita daga Alkausara kamar yadda ta shayar da uwata. Ya raya abin da ta bari, ya ba mijinta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku haɗa da Inna, don gobe ma la'asar za ta yi.