Laouali Mai Walda da Sunan 'Yar Farinsa

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara layin garejojin unguwar Manshiya ya san Laouali mai walda. Dogo ne siriri, idonsa kullum jajur saboda wutar aiki, kuma in ka ji ya yi magana goma a yini, to ranar an tsokane shi. Mutumin ƙasar Tasawa ne. Shekara goma sha shida ke nan da ya shigo Sabha, nan ƙasar Larabawa, a bayan kamiyo mai ɗaukar kaya da niyyar cin rani ɗaya ya koma, ga shi har yau ana cin ranin. Ni Hamissou direba, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin hayata da nasa, don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne.

'Ya'ya biyu gare shi da matarsa Rabiatou: Anissa 'yar fari, mai shekara goma sha ɗaya, sai ƙaramar, Aminata. To, kun san mu da kunyar ɗan fari. Tun ranar suna Laouali bai taɓa furta sunan Anissa ba. "Ke" yake ce mata, in kuma zai yi zancenta da wani sai ya ce "babbar". Rabiatou ma haka, ita "yarinyar nan" take cewa. Aminata kuwa tana wuyan ubanta kamar laya, ana kiran sunanta sau ɗari kafin azahar.

A gida wannan ba komai ba ne, ai duk haka aka yi mana. Amma a gida akwai kaka da za ta goya ka tana yi maka kirari, akwai goggo, akwai kawu mai sayo maka alewa. Su ke cike giɓin da kunya ta bari. A Manshiya wa ke akwai? Ɗaki biyu, da mutum biyu duk bakinsu a ɗaure. Mun tsallako hamada da kunyar, mun baro kakar a Tasawa.

Anissa kuwa lakwal ɗin 'yan mata take zuwa, makarantar boko ke nan a can ƙarshen unguwarmu, tare da 'ya'yan Larabawa. Kullum in an tashi tana ganin iyaye maza a bakin ƙofa, wannan ya ƙwala wa 'yarsa kira, wancan ya sumbaci goshin tasa. Larabcinta tas kamar 'yar gari, Hausarta kuwa sai ɗingishi.

Wata Juma'a muna shan shayi a ƙofar gida, mu biyar, Laouali ya leƙa ciki ya ce, "Ke, kawo ruwa." Ta kawo. Ba durƙuso, ba sunkuyar da kai, ta dire kwanon ta dube shi ido cikin ido ta ce da Larabci, "Ina da suna."

Kai! Bai dake ta ba, Laouali ba ya dukan yara, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da baƙi suka watse ya ce mini lakwal ce ta lalata ta, malaman nan ba sa koya wa yara ladabi. Ranar Lahadi ya ja ni muka tafi in yi masa tafinta, don Larabcinsa na ciniki ne da ƙarfe.

Malamar ajinsu, Abla Najwa, 'yar gajeriya mai tabarau, ta saurari ƙararsa har ƙarshe. Sannan ta ce, "Wace yarinya?"

Ya ce, "Babbar gidana."

"Sunanta fa?"

Sai ya waiwayo ya dube ni. Ni na faɗa.

Malamar ta zaro littafin rubutu daga tulin da ke gabanta. Ta ce ta sa yara kowa ta rubuta wani abu game da ubanta, ga abin da Anissa ta rubuta. Ta karanta, ni ina mayarwa Hausa, wallahi da na so ƙasa ta tsage in shige: "Babana yana aiki da wuta, hannunsa duk ƙuna. In ya sayo mini takalmi, ƙanwata yake ba ta miƙo mini. Ina jin bai san sunana ba. In ya sani, to ba ya sonsa."

Na yi ta zuba bayani, na ce al'adarmu ce, son ne ya yi yawa har baki ya kasa ɗauka. Ta ce, "Ni na gane. Ita fa, wa ya taɓa gaya mata? Ladabi zan koya mata, aikina ne, amma awa biyar kaɗai take hannuna. Ga ta can a filin wasa. Ya kira ta."

Laouali ya tsaya a bakin taga. Na ga bakinsa ya buɗe. Ko ƙala. Da muka fito ya ce, "Hamissou, ji na yi kamar an ce in tuɓe a tsakar kasuwa."

Ya kai zancen wurin dattijonmu Malam Chékaraou, shi kuma ya ce a mai da yarinya gida ta koyo tarbiyya. Gida wurin wa? Uwar Laouali ta rasu shekara huɗu da suka wuce, yarinya kuma ko gaisuwa ba ta iya kaiwa ƙarshe da Hausa. A kai ta can ta zama baƙuwa, a bar ta nan tana ta zamewa daga hannunsa. Rabiatou ta yi kuka ta ce shi ne babba, shi ya kamata ya fara kiran sunan. Anissa kuwa ta koma durƙusawa, don Abla ta yi mata faɗa, amma ta daina yi masa magana gaba ɗaya. Gara mini tsiwar da wannan shirun.

Kwana ashirin ina lura da shi. In ya rufe fuska da baƙin gilashin walda, wuta na tartsatsi, sai in ga haɓarsa na motsi. Ashe sunan yake gwadawa, inda ba mai ji. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi har na kau da kai.

Ranar wata Alhamis ya rufe gareji tun kafin azahar, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in kai shi bakin lakwal. Muka tsaya cikin iyayen yara. Aka tashi, ga ta nan tsakiyar ƙawayenta.

"Anissa." Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

Ya goge zufa, ya ɗaga murya. "Anissa!"

Ta tsaya cak. Ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda ya kira ta cikin iyayen ƙawayenta. Idonta ya bi ta kan ubanta ya wuce, bai ko tsaya ba. Da ba ta ga kowa ba sai ta gyara jakarta, ta bi ƙawayenta suka tafi.

Na ce, "Sake kira mana, don Allah!" Ya girgiza kai ya shiga mota. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ba ta san muryata da sunan ba."

Da la'asar ina alwala na ji shi ta katanga.

"Ke, kawo ruwa."