Ruwa bai shiga tafkinmu ba

Jiya da hantsi na tsaya a bakin tafkin bayan garinmu, inda nake noman albasa da rani. Damina ta kusa ƙarewa, amma ruwan bai kai gwiwa ba.

Malamin gona da ya zo daga Ɗambatta ya ce matsalar "inflow" ce. Na duba, kalmar Turanci ce da aka haɗa daga "ciki" da "gudana", wato ruwan da ke kwararowa ciki.

Na faɗa wa maƙwabcina Baba Sale. Ya girgiza kai.

"Malam Habu, ko me suke kiransa, ai ruwa ya sauka. Yashi ne ya cike masa hanya. Da, kafin ruwan farko, gari guda muke gayyar yashe ta. Bana ni da kai kaɗai muka fito da shebur. Samarin duk suna Kano suna tuƙa adaidaita."

Irin albasa yana nan a ɗakina. Na auna ruwan, na sake aunawa, har yanzu ban san ko in zuba ba.

Ku a garinku, akwai sauran masu fitowa gayya?